Yadda ake hawa Dutsen Kilimanjaro ta hanyar Machame, tun daga gida har ƙololuwa

Duk wanda ya ga hotona ina tsaye gaban allon katakon da ke ƙololuwar Dutsen Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya, na ƙudundune cikin riguna biyar ido kawai ake gani, tambaya ɗaya yake min, wai da igiya ake hawa? A'a wallahi, da ƙafa ake takawa tun daga ƙasa har sama, ba igiya ba ƙugiya. Amma kada wannan ya ruɗe ka, don abin da ke kayar da mutane a Kilimanjaro ba tsayin gangara ba ne, iska ce. Ƙololuwar, wadda ake kira Uhuru, tana kan mita 5,895, babu inda ya kai ta tsawo a duk Afirka, kuma a can duk numfashin da ka ja kusan rabin iskar da ka saba samu a ƙasa kake samu. Kano ba ta kai mita 500 ba, Jos da muke cewa akwai sanyi tana wajen 1,200, Chappal Waddi na Taraba da ya fi kowane dutse a Najeriya 2,419 ne. To ka ga inda za ka ya ninka shi har da ɗoriya. Shi ya sa ƙaton saurayi mai zuwa jim kullum zai kwanta yana amai, dattijuwa mai tafiyar hawainiya ta zo ta wuce shi. Duk abin da zan faɗa a ƙasa kusan a kan wannan yake, yadda za ka bai wa jikinka lokaci ya saba.

Mataki na farko: asibiti, kafin ka kashe ko kwabo

Na san mutanenmu, tikiti za a fara tambaya. Bari tukunna. Je ka duba jininka idan ba ka san rukuninsa ba. Mai sikila, wato SS, wannan tafiyar ba tasa ba ce sam, ƙarancin iska ne ke tayar da ciwon. Mai AS ma kada ya ce ai ni lafiyata ƙalau, a irin wannan tsawon saifa na iya samun matsala, sai ya zauna da likita ya faɗa masa ƙarara mita nawa zai hau ya ji abin da zai ce. Haka mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai asma, mai suga, da mace mai ciki. A nan ne kuma za ka yi maganar Diamox, ƙwayar da ke taimaka wa jiki ya saba da tsawo. Likita ne zai rubuta, kuma idan Septrin ko Fansidar na fito maka da ƙuraje ko kumburi ka faɗa masa don danginsu ɗaya. Tana sa yawan fitsari, tana sa yatsu su riƙa tsikari kamar ana soka maka allura, lemon kwalba ma ɗanɗanonsa ya canza a baki. Gwada ta kwana ɗaya ko biyu a gida ka ga yadda jikinka zai karɓa, kada ka bari sai a kan dutse.

Ka karɓi katin rigakafin shawara, wanda muke cewa yalo kad, za a tambaye ka a filin jirgi tunda daga ƙasarmu ka fito. Maganin maleriya ma ka riƙe, a Moshi, garin da ke gindin dutsen, akwai sauro, a saman dutse babu.

Na biyu: lokaci, hanya da kamfani

Lokaci biyu ne masu kyau, Janairu zuwa farkon Maris, sai Yuni zuwa Oktoba. Afrilu da Mayu damina ce sosai a can, Nuwamba ma akwai ɗan ruwa. Ka duba kalanda kada ya faɗo cikin azumi, don a kan dutsen nan lita uku zuwa huɗu na ruwa ake so ka sha kullum, ba wasa.

Hanyoyi suna da yawa. Marangu ita ce mai ɗakunan kwana, ta fi araha saboda ana yin ta a kwana biyar, kuma wannan arahar ce ke dawo da mutane da yawa ba su kai ba. Umbwe a miƙe take kamar tsani, bar wa gwanaye. Rongai daga arewa take tasowa wajen iyakar Kenya, Lemosho kuma kwana takwas, tana da kyau idan aljihu zai ɗauka. Ni Machame ta kwana bakwai nake ba da shawara, ita zan bi da kai a nan. Ana sayar da ita a kwana shida ma, kada ka yarda, wannan kwana ɗayan da kake ganin ka rage kuɗi shi ne bambancin wanda ya kai da wanda aka sauko da shi.

Ba a hawa kai kaɗai, doka ce, dole sai da ɗan jagora mai lasisi ta hannun kamfani mai rajista. Kuɗin da hukumar gandun dajin Kilimanjaro ke karɓa kawai na kwana bakwai, na shiga da na kafa tanti da na ceto da haraji, ya kusa dala 1,000 a kan mutum ɗaya. Saboda haka duk wanda ya ce zai kai ka a kan abin da bai wuce wannan da kaɗan ba, ka tabbata a jikin 'yan dako zai fanshe, ko abincinku, ko tanti mai yoyo. Mafi yawan kamfanonin kirki daga dala 2,000 zuwa 3,000 suke, banda jirgi. Akwai wata ƙungiya da ake kira KPAP mai sa ido kan haƙƙin 'yan dako, duba ko kamfanin yana cikin abokan hulɗarta. Ka tambaye su a rubuce: 'yan jagora nawa za su hau da mu daren ƙarshe, kuna da tulun iska, kuna auna mu kullum, naman da za a dafa yankan Musulmi ne? Musulmi suna da yawa a Tanzaniya, ba abu ne mai wuya ba in ka faɗa da wuri.

Biza kuwa a nan ne ɗan Najeriya zai yi haƙuri. Ba ma cikin waɗanda ake buga wa a filin jirgi, tamu sai an nema ta intanet an jira amincewa daga ofishin shige da ficensu, tana iya cin makonni. Fara nema kamar wata biyu ko uku kafin tafiya, kuma kada ka yanki tikitin da ba a canzawa sai ta fito. Jirgi daga Abuja ko Legas yawanci ta Adis Ababa ko Nairobi za ka bi, ka sauka a filin jirgin Kilimanjaro da ke tsakanin Moshi da Arusha. Sai inshorar tafiya, ka karanta da kyau ka ga ta rufe har mita 6,000, da yawansu ba sa kai wa nan.

Na uku: horar da ƙafa

Wata uku ya isa ga mai lafiya. Ba gudu ake so ba, doguwar tafiya ce, awa huɗu, biyar, shida, da jaka mai kilo shida ko bakwai a baya, sannan washegari ka sake, don abin da dutsen zai yi maka kenan, kullum ka tashi da tsamin jiki ka ci gaba. Na Kano ga Dala da Goron Dutse, hau ka sauka ka hau ka sauka har yaran unguwa su fara zaton aljanu ne. Na Zariya ga Kufena, na Jos kuwa ya more da tsaunukan Shere. In babu dutse, bene ma ya yi. Ka ba saukowa muhimmanci kamar hawa, gwiwa a gangara take mutuwa. Wanda ke da hali ya je Mambila ko Dutsen Kamaru na Buea mai mita 4,040, nan zai fara ɗanɗana abin da tsawo ke yi wa kai.

Duk wannan horon a cikin takalmin da za ka hau da shi za ka yi. Sabon but a kan Kilimanjaro bororo ne tun ranar farko.

Na huɗu: kaya

Abin da na fi so ka gane shi ne sanyin can ba irin hunturunmu ba ne da za ka ja bargo ka sha shayi ya wuce. Daren ƙololuwa yana sauka ƙasa da sifili da digiri 10, wani lokacin har 20 in akwai iska. Dabarar ita ce riga kan riga, kowace da aikinta: ta jikin fata mai tsotse gumi, sai mai laushi mai riƙe ɗumi, sai jaket mai kauri, sai ta waje mai tare iska da ruwa. Wando ma haka. Auduga ka manta da ita, singileti da jins da shadda duk a bar su a otal, in auduga ta jiƙe da gumi ba ta bushewa, sanyi take tara maka. Safa ta ulu kamar ƙafa huɗu ko biyar, ka ware ɗaya sabuwa busasshiya ta daren ƙarshe kada ka taɓa ta. Safar hannu biyu, siririya da mai kauri, hular sanyi mai rufe kunne, abin rufe wuya da hanci, tabarau mai tare rana da gaske, tocilan goshi da ƙarin batir, sandunan dogarawa biyu, jakar barci mai jure sanyi ƙasa da sifili. Kada ka ce baƙar fata ba ta ƙonewa, ranar can tana ƙona hanci da leɓe har su saɓule, riƙe man kariya da basilin ko man kaɗe.

Ba sai ka sayi komai ba. Jaket mai kauri, jakar barci da sanduna duk ana bayar da haya a Moshi. Takalmi da safa da na jikin fata kuwa naka za ka zo da su, 'yan gwanjo suna da su in ka iya tono.

Jaka biyu ce. Babba wadda ɗan dako zai ɗauka, kada ta wuce kilo 15, ana aunawa a ƙofar shiga don doka ta ce kayan da za a ɗora wa ɗan dako kada su wuce kilo 20. Ƙarama kuma ta bayanka, ruwa, rigar ruwa, abin taɓawa, magani. Ledar sayayya an hana a Tanzaniya tun 2019, robar ruwa ta sha-ka-yar ma ba a shiga da ita gandun, nemi gora mai ƙwari da ƙaramin filas. Fawa bank kuma ka riƙa kwana da shi da wayarka a cikin jakar barci, sanyi na zuƙe batir kamar me. Ni abin da ya fi yi min rana dabino ne da gyaɗa da ɗan kwalbar yaji, don idan ka hau sama abinci fita kai yake yi, sai ka barbaɗa yaji a miyar ka samu ta wuce. Buta ƙarama ma ka sa, za ka gode min.

Na biyar: kwana biyar na farko

Ka iso Moshi aƙalla kwana ɗaya kafin a fara, ka huta, ɗan jagora ya zo ya duba kayanka ɗaya bayan ɗaya. Agogon Tanzaniya yana gaban namu da awa biyu. Kuma a lissafin Suwahili ƙarfe bakwai na safe shi ne sa'a ta ɗaya, to idan an ce maka lokaci ka tabbatar wanne ake nufi. Harshen nasu zai ba ka dariya don za ka riƙa tsintar namu a ciki, asubuhi, dakika, hatari, sabuni. Amma kalmar da za ka ji har ta gundure ka ita ce pole pole, wato sannu sannu.

Ranar farko mota za ta kai ku ƙofar Machame, mita 1,800, a yi rajista a auna kaya, abin na ɗaukar lokaci. Daga nan kurmi ne, dogayen itatuwa, laka, birai masu baƙi da fari da doguwar jela a sama. Kamar kilomita 11, awa biyar zuwa bakwai, a kwana a wajen mita 3,000. A nan kuskure ke farawa, jiki da ƙarfi, hanya da daɗi, sai ka ga ɗan jagora yana tafiya kamar mai rakiyar amarya ka ji kamar ka wuce shi. Kada ka wuce. Ma'aunin shi ne ka iya hira kana tafiya ba ka haki. 'Yan dako za su zo su wuce ka da kaya a ka kamar a guje, matsa musu gefe ka gaishe su, su sun saba, kai baƙo ne.

Ta biyu gajeriya ce amma a tsaye, itatuwa su ƙare a shiga duwatsu da gajerun ciyayi har zangon Shira, wajen mita 3,800. Da yamma in hazo ya washe za ka hango Dutsen Meru can gefe da gajimare a ƙarƙashinka. Yawanci a nan kai ke fara sarawa.

Ta uku ita ce sirrin hanyar Machame. Za a hau da ku har Lava Tower, mita 4,600, wani ƙaton dutse baƙi a tsakiyar fili ba ciyawa ba komai, a ci abincin rana a can kanka na bugawa kamar ana daka, sannan a gangaro Barranco wajen 3,900 a kwana. Za ka ce to wannan wace irin wahalar banza ce, mun hau mun sauko kusan inda muka taso? Ba banza ba ce, an nuna wa jiki tsawo ne sannan aka ba shi dama ya huta a ƙasa, cikin dare ya gyara kansa. A gangaren za ka ga wasu itatuwa masu kama da abarba a kan turmi, a irin waɗannan tsaunukan na gabashin Afirka kawai ake samun su.

Ta huɗu da safe katangar Barranco, mita 257 a tsaye. Daga ƙasa in ka kalle ta gabanka zai faɗi, amma ba ta kai yadda take a ido ba. Naɗe sandunanka ka sa a jaka, da hannu da ƙafa ake yi, inda ɗan jagora ya sa ƙafa nan za ka sa. Akwai wuri ɗaya matsattse da sai ka rungumi dutsen ka zagaya, ka kalli dutsen kada ka kalli ƙasa, taku biyu ne an wuce. Awa ɗaya zuwa biyu kun haye, sai hawa da sauka zuwa Karanga, kusan mita 4,000. Kwarin Karanga ne ruwa na ƙarshe, duk wanda za ka sha daga nan a ka ake ɗauko shi, saboda haka ka daina facaka.

Ta biyar awa uku ko huɗu ce zuwa Barafu, mita 4,673. Barafu ƙanƙara kenan a harshensu, wuri ne mara daɗi, duwatsu da iska, zuwa bayan gida ma sai ka tsaya ka huta. Ci abinci ko ba ka so, shirya kayan dare tun da rana, ka kwanta da wuri ko barcin bai zo ba.

Maganar salla, kai matafiyi ne, ka yi ƙasaru, in ruwa ya yi ƙaranci ko sanyin zai cutar da kai ga duwatsu nan ko'ina ka yi taimama. Abu ɗaya da za ka kula, alƙibla a can arewa take, ta ɗan karkata gabas kaɗan, ba gabas ɗin da muka saba ba. Ni salla biyu na yi ina kallon mafitar rana kafin wani mai dafa mana abinci ya juya ni.

Na shida: ka san ciwon, kuma kada ka ɓoye

Wannan ya fi duk sauran muhimmanci. Ɗan ciwon kai, rashin barci, rashin son abinci, tashin zuciya kaɗan, kusan kowa na yi, ruwa da hutu da farasitamol na rage shi. Safe da yamma za a maƙala maka wata 'yar na'ura a yatsa a duba iskar jininka, a yi maka tambayoyi. Faɗi gaskiya. Mu da jarumtaka, ga kuɗin da aka kashe, ga an riga an faɗa wa duk dangi, sai mutum ya ce lafiya lau alhali kansa kamar zai tsage. Ƙa'idar ita ce in ciwon yana ƙaruwa ba a ƙara hawa. Idan kuwa aka ga ɗaya daga cikin waɗannan, to sauka ce nan take ko tsakar dare ne: haki kana zaune ba ka yi komai ba, tari mai kumfa ko ƙirji na ƙara kamar ana zuƙar ruwa, wannan ruwa ne ya taru a huhu, ko tangaɗi kamar mashayi, surutai, rashin gane mutane, barci mai nauyi, wannan ƙwaƙwalwa ce ta kumbura. Dukansu suna kisa cikin awoyi, kuma maganinsu na gaske gangarawa ne, tulun iska na taimakawa ne kawai kafin a sauka. Mai irin wannan sau da yawa shi bai san yana ciki ba, zai yi ta musu, shi ya sa kowa ke lura da ɗan'uwansa. In ɗan jagora ya ce ka juya, juya. Kuma kada ka ce ai maleriya ce ta tashi ka haɗiyi magani ka ci gaba, a sama duk ciwo na tsawo ne har sai an tabbatar ba shi ba ne.

Na bakwai: daren ƙololuwa

Wajen sha ɗaya na dare za a tashe ku, shayi da biskit, sha biyu a kama hanya. Sa duk rigunan amma ka bar zif a ɗan buɗe da farko don kada ka yi gumi. Ruwan ɗumi a filas, gorar kuma ka sa ta cikin safa ka kifa ta baki a ƙasa, don daga sama ruwa ke fara daskarewa. Dabinon a aljihun ciki, in ya sha sanyi zai zama dutse.

Mita 1,200 da 'yan kai za ku hau a cikin kilomita biyar kacal, cikin duhu, hanya na lanƙwasa dama da hagu a kan tsakuwa. In ka ɗaga kai za ka ga fitilun waɗanda ke gaba sun jeru har sun haɗe da taurari, ka kasa gane wanne ne wanne, gwiwarka ta yi sanyi. To kada ka ɗaga. Kalli dugadugan na gabanka kawai. Taku ɗaya, numfashi ɗaya, in ka ɗora ƙafa ka miƙe gwiwar baya ka bar nauyinka a kan ƙashi na daƙiƙa ɗaya kafin ka ɗaga. Ni da tasbihi na daidaita nawa, kowane taku kalma ɗaya, ya riƙe min hankali. Hutu minti biyar ya isa, kada ka zauna ya daɗe kuma kada ka rufe ido, sanyi zai shige ka. Riƙa motsa yatsun ƙafa a cikin takalmi. Tsakanin ƙarfe uku da biyar ne mafi muni, sanyi ya kai ƙarshe, barci na fizgar ka kana tafiya, 'yan jagora su fara waƙa don su farkar da ku, in ɗayansu ya ce kawo jakarka ba shi, ba abin kunya ba ne. Nan ne mafi yawan masu juyawa ke juyawa, alhali saura ƙiris gari ya waye, kuma da zarar jan nan ya ɓullo ta bayan tsaunin Mawenzi sai ka ji kamar an ƙara maka jini.

Bayan awa shida ko bakwai za ku kai Stella Point, mita 5,756, bakin ramin tsohon aman wuta da ke saman dutsen. Akwai allo a nan, da yawa sai su zube su ce ai an zo. In lafiyarka lau gajiya ce kawai, sha ruwa ka tashi, saura kamar minti 45 zuwa awa ɗaya kuma hanyar ta kwanta. Ta hagunka ga katangun ƙanƙara masu tsayi kamar bene, farare da shuɗi, ka kalle su da kyau don abin da ya rage kenan, fiye da kashi 80 cikin ɗari na ƙanƙarar da aka auna a 1912 ta tafi. Sai allon Uhuru. Kalmar na nufin 'yanci, an sa sunan ne bayan Tanganyika, wadda ita ce mafi yawan Tanzaniya ta yau, ta samu mulkin kai a 1961, da can sunan sarkin Jamus ne a kai, wanda Hans Meyer ya raɗa lokacin da shi da Ludwig Purtscheller suka kai a 1889. Akwai layin ɗaukar hoto, fito da wayar daga ƙirjinka sai an zo kanka, minti goma ko sha biyar a juya. Ba wurin zama ba ne.

Na takwas: saukowa da sallama

Babu mai ba ka labarin wannan, amma a nan aka fi jin jiki. Tsakuwar da ta daskare da dare yanzu ta saki, kana taka ta tana zamewa da kai, ƙura na shiga hanci. Ɗaure igiyar takalmi tam a wuyan ƙafa don kada yatsu su riƙa dukan gaba, in ba haka ba farcen babban yatsa zai yi baƙi ya fita, nawa biyu suka tafi. Ƙara tsawon sanduna, dugadugi ka fara sawa, rage riguna tunda rana ta fito. Awa uku kun dawo Barafu, a ci abinci a ɗan kishingiɗa awa ɗaya, sannan a tashe ku a ce a ci gaba, za ka ji kamar ka yi kuka amma dole ne, ba a son ka sake kwana a wannan tsawon. Sai zangon Mweka, mita 3,100. Jimillar ranar awa 12 zuwa 16 a ƙafa. Ciwon kan nan kuwa da kansa zai ɓace tun a hanya.

Washegari kafin a tashi ake ba da tukuici, kuma ba na ganin-dama ba ne, wani ɓangare ne na abin da suke rayuwa da shi. Mutum ɗaya yakan samu 'yan dako uku ko fiye, ga mai dafa abinci ga 'yan jagora, to ware kamar dala 250 zuwa 300 tun daga gida, ka canza su ƙanana. Nemi jerin sunayen kowa, a faɗi adadin a gaban kowa, in da hali a miƙa wa kowa nasa a hannu. Safa, safar hannu, jaket da ba za ka sake sawa a zafin gida ba, bar musu. Daga nan awa uku ko huɗu cikin kurmi zuwa ƙofar Mweka, mita 1,640, ka sa hannu a littafi a ba ka satifiket, mai ruwan zinare na wanda ya kai Uhuru, kore na wanda ya tsaya a Stella. Sa shi a tsakiyar babbar jaka tsakanin riguna don kada ya lanƙwashe, kuma kada ka sa jirgin komawa a wannan daren, bar wa kanka kwana ɗaya a Moshi, don washegari ko matakalar otal da baya-baya za ka sauko.